IDON KYAMARA A ƊAKIN JINYA: FINA-FINAN SHAIDA KAN MA'AIKATAN ASIBITI A ZAMANIN ANNOBAR KORONA



GABATARWA

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. To, amma akwai lokacin da akan rufe wa ido ƙofa, dole ya haƙura da abin da kunne ya jiyo masa. Irin wannan lokaci ne duniya ta shiga a shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta tashi daga birnin Wuhan na ƙasar Sin ta game ƙasashe, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris na wannan shekara. A bisa al'ada, jinya aikin dangi ne, dubiya kuwa haƙƙi ne na zumunci da maƙwabtaka. Annoba ta zo ta yanke duka biyun. Mutum yakan kai mahaifinsa bakin ƙofar asibiti a karɓe shi, daga nan sai dai waya, ko dai a ce masa ya zo ya ɗauki mai lafiya, ko a yi masa ta'aziyya. Abin da ya gudana tsakanin shiga da fita, ba wanda ya gan shi sai ma'aikatan asibiti, da kuma wasu 'yan tsirarun mutane da suka shiga da na'urar ɗaukar hoto.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba aikin waɗannan masu ɗaukar hoto, a ga yadda suka yi shi, da irin amanar da ta hau kansu, da abin da suka nuna, da kuma abin da ya kuɓuce musu. Daga ƙarshe za a waiwayi abin da al'amarin ya ƙunsa ga ƙasar nan.

MA'ANA DA TUSHE

A dunƙule fina-finai iri biyu ne. Akwai na ƙirƙira, inda ake rubuta labari a raba wa 'yan wasa su kwaikwaya. Akwai kuma wanda ake ɗaukar mutane na haƙiƙa cikin sha'aninsu na haƙiƙa, wanda Turawa ke kira dokumentari, kalmar da wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, John Grierson, ya yayata tun daga shekarar 1926. A nan za a kira shi fim ɗin shaida, domin matsayinsa ya yi kama da na mai ba da shaida a gaban alƙali, watau ya faɗi abin da idonsa ya gani, kuma ana iya tuhumarsa in ya ƙara ko ya rage.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, gama da shi aka fara sanin majigi. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ya soma amfani da fim a Ikko don faɗakar da jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Da aka kafa sashen fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka a Ingila cikin 1939, shi aka ba jagorancinsa. Daga nan motocin majigi suka riƙa zaga garuruwa, ana kafa farin allo a ƙofar fada ko a filin kasuwa, ana nuna tsafta da rigakafi da noman zamani. Sai dai in an lura, a irin waɗannan fina-finai hukuma ce mai magana, talaka kuwa abin misali ne kawai. Fim ɗin Daybreak in Udi na 1949, wanda ya ba da labarin gina ɗakin haihuwa a ƙasar Udi, har ya ci lambar Oska a 1950, shirya shi aka yi kamar wasa, kuma jami'in mulkin yankin shi ne ya fito a matsayin kansa, shi ne gwarzon labarin.

Sauyi ya zo ne wajen 1960, lokacin da aka sami kyamarori marasa nauyi da mutum ɗaya zai saɓa a kafaɗa, tare da na'urar da ke naɗar murya daidai da hoto. Wannan ya ba mai ɗauka damar shiga wuri ya tsaya gefe, ba ya umurni, ba ya tambaya, al'amura na gudana a gabansa. Wani Ba'amurke, Frederick Wiseman, ya shahara da wannan hanya. A 1970 ya fitar da fim mai suna Hospital, wanda ya ɗauka a wani asibitin talakawa na birnin Niyok, babu mai sharhi a cikinsa, babu kiɗa. Akasarin fina-finan da za a tattauna a nan wannan tafarki suka bi.

KWANA 76 A WUHAN

Ranar 23 ga Janairu 2020 hukumomin Sin suka rufe Wuhan, birni mai mutum wajen miliyan 11, ba shiga ba fita, ba a buɗe shi ba sai ranar 8 ga Afrilu. Kwana 76 ke nan, kuma daga nan fim ɗin 76 Days ya sami sunansa. Mutum uku ne suka yi shi. Biyu suna cikin Wuhan suna ɗauka a asibitoci huɗu: Weixi Chen, wanda ɗan jarida ne, da wani abokin aikinsa wanda ya nemi a sakaya sunansa saboda tsoron abin da ka iya biyowa baya. Na ukun, Hao Wu, yana Amurka, ana aiko masa da hotuna ta intanet yana tsinta yana haɗawa. 

Fim ɗin ya buɗe da wata ma'aikaciyar asibiti cikin rigar kariya tana kuka tana roƙon a bar ta ta yi ban kwana da mahaifinta, abokan aikinta suna riƙe ta suna ba ta haƙuri, suna kuma tuna mata cewa akwai aiki a gabanta. Can kuma sai ga marasa lafiya sun taru a bayan ƙofa cikin sanyi suna bugawa, ma'aikata suna shigo da su kaɗan kaɗan gwargwadon gadon da ya samu. Ba a kawo wani masani ya yi bayani ba, ba a nuna shugaban ƙasa ba. Mai kallo yakan tsinci kansa a cikin ɗakin kamar yadda sabon ma'aikaci zai tsinci kansa.

Akwai wata matsala da ta fuskanci masu wannan aiki wadda magabatansu ba su san ta ba. Jarin mai ɗaukar hoto shi ne fuska, domin a nan ake karanta tsoro da tausayi da gajiya. To, ga shi kowa ya rufe daga kai har ƙafa, da takunkumi da tabarau da safar hannu, ba a bambanta likita da mai shara, balle mace da namiji. Su kansu ma'aikatan sai da suka riƙa rubuta sunayensu a bayan riguna don su gane juna, wasu har da zanen furanni da addu'ar fatan alheri. Saboda haka kyamara ta koma kan abin da ya saura a fili, watau murya, da tafiya, da hannu. Hannun da ya riƙe na tsohuwa, da hannun da ke ba mara lafiya ruwa, su suka ɗauki aikin da fuska ta saba yi. Har ila yau akan ji ma'aikatan suna kiran tsofaffin majiyyata da kaka, suna ce musu tun da danginsu ba sa nan, su ne danginsu. Duk wanda ya tashi a inda ake kiran tsohon da ba a sani ba da baba, ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai ba shi da hayaniya ko kaɗan. Wata shugabar ma'aikatan jinya ce take tattara wayoyin hannu da katin shaida na waɗanda suka rasu, tana goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana sa kowanne a jakarsa, sa'an nan tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya su zo su karɓa. Wata wayar tana nan tana haske da saƙonnin da mai ita bai karanta ba. A ƙarshe ta miƙa wa wata mata kayan mahaifiyarta ta kan shinge, tana ba ta haƙuri cewa sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Wannan aiki ba ya cikin abin da ake koyarwa a makarantar jinya, kuma ba zai taɓa fitowa a cikin alƙaluman ma'aikatar lafiya ba. An fara nuna fim ɗin a bikin fina-finai na Toronto cikin Satumba 2020, ya kuma ci lambar Emmy a 2021.

WATA HUƊU A NIYOK

Kafin a buɗe Wuhan, wutar ta riga ta kama a wasu wurare. A farkon Afrilu 2020 jihar Niyok ta kai ga rasa mutum kusan 800 a rana ɗaya, har ɗakunan ajiye gawa suka cika aka jera manyan motoci masu sanyi a bayan asibitoci. A cikin wannan hali ne Matthew Heineman, wanda a da ya yi fim kan masu fataucin miyagun ƙwayoyi a Meziko da kuma kan yaƙin Siriya, ya sami izinin shiga asibitin Long Island Jewish Medical Center. Ya yi ɗauka daga Maris zuwa Yuni, fim ɗin kuma ya fito a 2021 da sunan The First Wave, watau guguwar farko.

Hanyarsa ta bambanta da ta mutanen Wuhan. Shi ya zaɓi mutane ƙalilan ya bi su har gidajensu: wata likita baƙar fata, da wasu ma'aikatan jinya, da majiyyata biyu waɗanda aka sa wa na'urar taimakon numfashi. Ɗayansu ma ma'aikaciyar jinya ce da cutar ta kama tana da ciki, aka ciro jaririn, ita kuwa ba ta san inda take ba. Ta haka mai kallo yake ganin abin da ke bayan rigar kariya, watau mutum mai iyali, mai tsoron kada ya kwaso cuta ya kai wa 'ya'yansa. An kuma nuna wani ɓangare na jinya da ba a cika kula da shi ba, shi ne wahalar da mutum ke sha bayan an cire masa na'ura, yadda zai sake koyon haɗiya da zama da tsayuwa kamar yaro.

Bugu da ƙari, fim ɗin bai tsaya a bakin ƙofar asibiti ba. Likitar nan ta lura cewa yawancin waɗanda ke kwance a gabanta baƙaƙen fata ne da baƙin haure da masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda aikinsu bai ba su damar zama a gida ba. Da aka kashe George Floyd ranar 25 ga Mayu 2020, sai ga ta a cikin masu zanga-zanga. Abin da wannan ke koyarwa shi ne, annoba takan bi tsagar da ta tarar a jikin bango, kuma asibiti madubi ne na garin da yake cikinsa.

YADDA AKE AIKIN

Yana da kyau ɗalibai su san cewa wannan aiki yana da matakai, kuma kowane mataki yana da tasiri a kan abin da zai fito a allo.

Na farko shi ne samun shiga. Asibiti yana da masu shi, ko gwamnati ko kamfani, kuma ba mai buɗe ƙofarsa ga wanda yake jin zai tona masa asiri. Saboda haka asibitin da ya yarda a ɗauke shi, galibi shi ne wanda yake da abin nunawa. Wanda iskar oksijin ta ƙare masa, ko ma'aikatansa suka rasa kayan kariya, da wuya a ga cikinsa.

Na biyu shi ne zama a wurin. Mai ɗauka yakan sa irin rigar da likita ya sa, ya shaƙi iskar da ya shaƙa, a lokacin da babu allurar rigakafi, gama ba a fara yin ta ga jama'a ba sai a Disamba 2020. Tabarau yakan yi gumi ya hana shi ganin abin da yake ɗauka, na'ura kuma sai an naɗe ta ko an goge ta da magani. A Wuhan ma'aikata da yawa sun riƙa ƙin cin abinci da shan ruwa na sa'o'i masu yawa, don kada su tuɓe rigar da ba su da madadinta. Wanda ya shiga da kyamara ya yi tarayya da su a cikin wannan, kuma wannan tarayya ita ke sa a saba da shi har a manta yana nan.

Na uku shi ne haɗawa, watau zaɓe da yanka da jerawa. Abin da aka ɗauka cikin watanni akan taƙaita shi ya koma kimanin sa'a ɗaya da rabi. A nan ne mai fim yake da iko irin na mai ba da labari: shi zai zaɓi wanda za a fara gani, da wanda zai warke a ƙarshe, da inda za a sa kiɗa. Game da kiɗa akwai darasi daga maƙwabta. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi shekaru yana aiki a Nijar, ya ɗauki fim kan farautar dorina a kogin Kwara, bayan 'yan shekaru ya koma ya nuna wa masuntan Ayoru da ya ɗauka. Suka ce kiɗan da ya sa bai dace ba, domin a wurinsu kiɗa ƙarfafa zuciyar dorina yake yi, farauta kuwa shiru take so. Ya karɓi gyaran. Ladabin da ke cikin wannan, na mai da fim ga mutanen da ke cikinsa su gani su yi magana, ya fi wajaba a kan wanda ya ɗauki mutane a ranar da ta fi kowace rana tsanani a rayuwarsu.

AMANA: IZINI DA SUTURA

Nan ne gizo ke saƙar. Mara lafiya yana cikin halin da ba ya son a gan shi. An tuɓe shi, an sa masa robobi a hanci da baki, wani ma ba ya cikin hayyacinsa. Wa zai ba da izini a madadinsa? In ɗansa ya yarda yau cikin ruɗewa, yardar tana nan bayan shekara biyar, sa'ad da hoton ya zaga duniya? Shi kuma ƙaramin ma'aikaci, in shugaban asibiti ya riga ya amince, yana da bakin da zai ce shi kada a ɗauke shi?

Waɗannan tambayoyi sun riga korona. Fim ɗin Wiseman na farko, Titicut Follies na 1967, ya nuna irin wulaƙancin da ake yi wa masu taɓin hankali a wata ma'aikatar gwamnati ta jihar Masacusets. Kotu ta hana nuna shi ga jama'a bisa hujjar kare mutuncin majiyyatan, hanin bai tashi ba sai 1991. Masu sukar hukuncin suka ce asirin hukuma aka rufa, aka fake da na majiyyata. A ɗaya gefen kuma, a 2016 wani babban asibiti na Niyok ya biya tarar dala miliyan 2.2 saboda ya bar ma'aikatan talabijin sun ɗauki marasa lafiya ba da izini ba. Ɗaya daga cikinsu ya cika a gaban kyamara, matarsa kuwa ba ta sani ba sai da ta gane muryarsa a talabijin, ko da yake an dushe fuskarsa.

Misalan nan biyu sun nuna cewa kuskure yana yiwuwa ta kowace fuska. In an rufe ƙofa gaba ɗaya da sunan sutura, zalunci da sakaci sukan sami wurin ɓuya. In an buɗe ta ba ƙa'ida, sai ciwon wani ya zama abin kallon wani. Abin da masu sana'ar na kirki suka dogara a kai shi ne, izini ba sa hannu ba ne na rana ɗaya: a nema kafin ɗauka in da hali, a sake nema bayan mutum ya farfaɗo ko danginsa sun natsu, kuma wanda ya ce a cire shi a cire shi, kome kyan hoton.

ABIN DA KYAMARA BA TA GANI BA

Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. An yaba wa 76 Days saboda tausayinsa, an kuma soke shi da cewa bai tambayi yadda aka yi wuta ta kai haka ba. Babu labarin Dokta Li Wenliang a matsayin jigo a cikinsa, likitan idon da ya gargaɗi abokan aikinsa ranar 30 ga Disamba 2019, 'yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne, daga baya cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairu 2020. Waɗanda suka ɗauki hoto ba da yardar hukuma ba kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Zhang Zhan, wata lauya da ta je Wuhan tana watsa abin da ta gani, an yanke mata ɗaurin shekara huɗu a Disamba 2020. Wannan giɓi ne Nanfu Wang ta nemi cikewa da fim ɗinta In the Same Breath na 2021, inda ta jera yadda hukumomin Sin da na Amurka, kowacce ta hanyarta, suka raina cutar da farko, sa'an nan suka koma yabon ma'aikatan asibiti da jaruntaka.

Wannan kalma ta jarumi tana bukatar a yi hattara da ita. A Niyok da Landan mutane sun riƙa fitowa ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan lafiya, abin kuwa ya yi kyau. Amma kirari ba ya zama takunkumi, ba ya zama albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021 ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne cutar ta kashe. Fim ɗin da ya tsaya ga yabo kawai yana iya sa mai kallo ya share hawaye ya tashi, bai tambayi wanda ya tura su fagen fama ba garkuwa ba.

Haka kuma akwai waɗanda ko a cikin asibitin ido yakan tsallake su: masu shara, da masu wanki, da masu tura gado, da masu gadi. Hassan Akkad, ɗan gudun hijira daga Siriya kuma mai shirya fim, ya kama aikin shara a asibitin Whipps Cross na Landan a lokacin annobar. Gwamnatin Ingila ta yi wani tsari na bai wa iyalan baƙin ma'aikatan lafiya da suka rasu izinin zama na dindindin, amma ta bar masu shara da masu tura gado a waje. A watan Mayu 2020 ya ɗauki kansa da wayarsa cikin kayan aiki, ya aika wa Firayim Minista saƙo a fili. Kafin gari ya waye an faɗaɗa tsarin ya haɗa da su. Labarinsa ya shiga fim ɗin Convergence na 2021. Hoto na 'yan mintoci, in ya fito daga hannun wanda abin ya shafa, yakan yi abin da doguwar takardar koke ba ta yi ba.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR NAN

Nijeriya tana da nata labarin. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Ikko da cutar Ebola. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta, haka ma wasu abokan aikinta. Ranar 20 ga Oktoba aka bayyana cewa ƙasar ta rabu da cutar, bayan ta kashe mutum 8. Steve Gukas ya mai da wannan labari fim mai suna 93 Days a 2016, amma na kwaikwayo ne, 'yan wasa ne suka tsaya a madadin mutanen. Ya yi amfani ƙwarai wajen raya sunansu, sai dai kwaikwayo tuni ne, ba ya zama shaidar ido.

Korona ta shigo ƙasar nan ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta bayyana a Kano cikin Afrilu. A wannan wata aka yi ta rasa dattawa a birnin, malamai da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, kuma abin lura shi ne daga bakin masu haƙar kabari aka fara jin yawan abin. Daga baya sai da masu bincike suka bi gida gida suna tambayar dangi yadda mamatansu suka yi ciwo. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona. Watau dai ji aka dogara da shi a wurin da gani ya kamata ya yi aiki. A wancan lokaci kuma mutane da yawa suna cewa cutar ƙarya ce, ko ta masu kuɗi ce, hujjarsu ita ce ba su ga mai ita ba.

Akwai aiki a nan ga ɓangarori uku. Ma'aikatun lafiya da hukumomin asibitoci ya kamata su tanadi ƙa'ida tun lokacin zaman lafiya, wadda ta fayyace wanda zai shiga da kyamara, da yadda za a nemi izini, da yadda za a kiyaye suturar majiyyaci, musamman mata, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar annoba ba a zaman rubuta doka. Masu shirya fina-finai na Kano da Kaduna da Jos suna da gwaninta da kayan aiki da harshen da jama'a ke ji, abin da ya rage shi ne su ɗauki wannan fanni da muhimmancin da suke ba na ƙirƙira. Jami'o'i da ma'ajiyar tarihi, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos, su ne ya dace su tattara abin da ke warwatse a wayoyin likitoci da ma'aikatan jinya, su kuma naɗi bayanin masu shara da direbobin motar asibiti da masu haƙar kabari da harshensu, tun suna raye suna tunawa. Waya takan lalace, mai ita yakan mutu.

KAMMALAWA

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa korona, bayan ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 kaɗai an sami ƙarin mace-mace wajen miliyan 14.9 saboda annobar. Adadi irin wannan ya fi ƙarfin zuciya ta ɗauka. Abin da fina-finan shaida suka yi shi ne suka mai da shi gwargwadon da mutum zai iya riƙewa: tsoho ɗaya mai neman hanyar gida, da waya ɗaya mai haske a cikin jaka, da ma'aikaciya ɗaya mai ba da haƙuri a bakin shinge.

Amma tun da shaida ne, mai kallo shi ne alƙali, alƙali kuwa ba ya karɓar shaida sai ya bincika. Ɗalibin da ya zauna kallon irin wannan fim ya kamata ya tambayi wa ya buɗe ƙofa, wa ya biya kuɗin aikin, wa aka nemi izininsa, wa kuma aka bari a bayan labule. Ma'aikacin gwamnati kuwa, wanda wata rana takardar neman izinin ɗauka za ta iso teburinsa, ya tuna cewa a hannunsa amana biyu ce, ta majiyyacin da ke kwance da ta jama'ar da ke waje suna jiran su san gaskiya, kuma ba a sauke ɗaya da tozarta ɗaya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kiyaye ƙasa daga annoba.